Yatsu Uku a Wuyan Hannun Saude

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda na saba yi maka, na san wannan takarda ba za ta iske ka ba, ba kuma mai karanta maka ita. Amma magana ta cika mini ciki, kuma duk gidan nan ba wanda zan faɗa wa ya ɗauke ta da gaske.

Na fita takaba. An cire albasar da ka dasa a bakin ruwa, ta yi kyau. Kwalekwalenka yana hannun abokinka Ɗanladi, yakan aiko mana da kifi in ya samu. Inna tana nan, sai ciwon ƙafa da labarin tsohon garinku da ruwan Tiga ya cinye.

Maganar ƙaninka Lawandi ce ta sa na ɗauki alƙalami. Tun da ya dawo daga Caina, inda ya ce ya yi wa wani tsoho mai magani hidima, ka san sana'arsa. Yanzu har rumfa gare shi a kasuwar Dangora, ana zuwa daga Doguwa. Zai ɗora maka yatsu uku a wuyan hannu ya yi shiru kamar mai sauraron huɗuba, ya ce ka fito da harshe, ya shinshini numfashinka, ya tambayi barcinka da fitsarinka. Ni dariya nake yi masa, ina kiransa likitan lalube.

Ka tuna ranar da ka ce gajiya ta yi maka yawa, ya riƙe hannunka a tsakar gida? Ina bakin murhu ina kallo. Ya taɓa dama, ya koma hagu, ya sake komowa dama. Ya duba harshenka, sai ya kau da kai ya zuba wa katanga ido. Da ya buɗe baki ya ce ba komai, aiki ne. Ba ka ga girbin albasarka ba.

Da farko na ɗauka maƙaryaci ne kawai, bai iya komai ba. Sai na ɗana masa tarko. Na ci goro, na sha zoɓo, na je na ce masa ba ni da lafiya, don in ji ya kira jan harshena cuta. Kallo ɗaya ya yi ya fashe da dariya, ya ce in je in wanke bakina in dawo da safe kafin in ci komai. Malam, da ya faɗa tarkon nan da na huta. Wanda ya bambance jan goro da jan ciwo, yaya za a yi ya riƙe hannun mai mutuwa bai ji komai ba?

Yanzu kuma ga Saude. 'Yarka ta fara haki in ta ɗauko ruwa daga rijiya, sai ta tsaya ta dafa ƙirji. Makon jiya Inna ta sa ya duba ta. Dama, hagu, ya sake komowa dama. Sannan ya kalli katangar nan, ita ɗin dai. Ya ce ba komai, girma ne.

Na bi shi har zaure na tambaye shi, ba fara'a a fuskata. Ka san abin da ya yi? Ya mai da ni abokiyar wasa, ya ce matar yaya na neman ƙwace masa sana'a. Kowa ya yi dariya. Inna ta ce ai tsakanin matar wa da ƙanin miji ba a shiga. Shekara da shekaru ina tsokanarsa, yau ga shi ina maganar ran 'yata ana cewa wasa nake. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Amma ba shi kaɗai nake zargi ba, kuma wannan ne ban iya faɗa wa kowa ba. Ranar da ya duba ka, kun fita tare zuwa gona, kun daɗe. Bayan nan ka sake yaɓen soro alhali damina ta wuce. Wa yake yaɓe da kaka? Ka je Falgore ka karɓo awakinmu daga hannun Bafulatanin da ke kiwonsu. Ka fara cewa in zauna mu ci tuwo kwano ɗaya, abin da ba ka taɓa yi ba. Ni kuwa na ɗauka so ne ya ƙaru. Ban taɓa gaya maka ba, watannin nan sun fi mini duk zamanmu daɗi. Yanzu su nake tuhuma.

Ya faɗa maka ne, Malam? Kai ka sa shi ya rantse kada ya gaya mini? Ka yi bankwana da ni ban san bankwana ake ba? In kai ka koya masa cewa ni ba a gaya mini magana mai nauyi, to har yau karatunka yake bi, kuma a kan Saude yake bi.

Gobe zan kai ta asibiti a Tudun Wada. Na ce wa Inna gaida gwaggona za mu. In suka duba ba su ga komai ba, zan ba Lawandi haƙuri a gaban jama'a, kai ma in roƙi gafararka kan zargin da na yi maka. In kuwa suka ga wani abu, to na san ya sani, na kuma san ka sani.

Ranar da za a ɗauke ka an tambaye ni ko na yafe maka, na ce na yafe duniya da lahira, kuma har zuciyata na faɗa. Amma wannan ban san da shi ba a lokacin. Ka ba ni zuwa jibi.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka.

Ni ce matarka,
Uwar Saude