Kwat ɗin Malam Rabo

Birnin Ƙonni, Nuwamba 1993

Zuwa ga ƙanena Mas'udu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Yaya sanyin Landan, yaya aiki? Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci, don a hoto wuyanka ya yi tsawo.

Mujallar da ka aiko ta iso. Wallahi ranar ban koyar da komai ba a lakwal, yawo na yi da ita daga aji zuwa aji, har buron darakta, ofishin shugabanmu. Ga Turawa zaƙo-zaƙo sanye da kayan da ka zana ka yanka, ga sunanka a ƙasa. Kai da nake wanke wa majina! Kaina ya yi girma har ɗankwali ya kusa kasa zama.

Sai dai Baba ya ƙi dubawa. Na ajiye masa kan tabarma, ya ɗora butarsa a kai. Ka san zancen, bai sauya ba: shi tela ne, bayansa ya tanƙware a kan keke, ya tura ka waje ka zama injiniya, ka je ka yar da karatu ka ɗauki almakashi. Tun da ka yi haka bai kama sunanka ba, sai dai ya ce wancan na Ingila. Wannan abu yana cina, don tsufa ya kama shi sosai, ba na son ya tafi da fushinka.

Ka ce in auno maka shi. Ta ina? In ya gan ni da tef zai gane. Kaftaninsa na ɗauka a igiyar shanya, na auna da zare. Ƙullin farko faɗin kafaɗa ne, na biyu hannu, na uku tsawo. In ya fito ba daidai ba, kada ka ga laifina, ni malamar makaranta ce.

Taka har kullum,
Yayarka Balaraba

Birnin Ƙonni, Fabrairu 1994

Ƙanena Mas'udu,

Ina gaisuwa, ina yi maka barka da shan ruwa. Da fatan azumi bai wahalar da kai ba a ƙasar da babu mai kiran assalatu.

Alhasan direba ya kawo kwalin daga Sakkwato. Mas'udu, kwat ɗin nan ya yi kyau, sai da na wanke hannu kafin in taɓa. Amma kai ma da abin dariya kake. Ulu, a Ƙonni, ana shiga bazara? Goggo ta shafa ta ce bargo ne mai hannuwa.

Baba ya ce a kai ɗaki. Kwali ya yi kwanaki a bisa akwati ba wanda ya sake buɗewa, ni kuwa har na fara tsara ƙaryar da zan rubuto maka. Shekaranjiya da hantsi na leƙa in ɗauki tsintsiya, sai na same shi zaune bakin taga da tabarau, kwat ɗin a cinyarsa, yana bin ɗinkin da farce. Da ya ji motsina ya tura shi bayansa, ya tambaye ni ko ba ni da aikin yi. Bai yaba ba, bai kushe ba. Ban san abin da zan ce maka ba, ka dai ci gaba da addu'a.

Yayarka,
Balaraba

Birnin Ƙonni, Maris 1994

Ƙanena, abin alfaharina,

Barka da Salla, Allah ya maimaita mana. Kowa lafiya. Nemi wuri ka zauna kafin ka karanta.

Ranar Laraba, kasuwa ta cika, Baba ya fito daga ɗaki da kwat ɗinka a kan kaftani, amma baibai ya sa shi, ciki a waje. Inna ta rufe baki ta fara hawaye, ta ɗauka ruɗewar tsufa ce ta zo. Na yi masa magana a hankali, ko kallona bai yi ba. Ya kama hanya da sandarsa, ni kuma na bi shi a baya, kunya kamar in nutse.

Layin teloli ya nufa. Abokinsa Abarshi, wanda suka yi zaman rumfa ɗaya tun samartaka, ya taso da sauri zai cire masa don ya rufa masa asiri. Baba ya buge hannunsa. Ya ce shi lafiyarsa ƙalau, wajen riga na masu saye ne, tela ciki yake dubawa. Ya ce duk wanda ya isa ya zo ya nemo masa zare ɗaya da ya kauce.

Mas'udu, kekuna suka tsaya. Rumfa rumfa ya bi, gumi na zuba, ana juya shi ana leƙa hammata da bakin aljihu. Abarshi ya nema har ya gaji. Wani ya karanta ɗan ƙyallen da ke wuya, inda ka rubuta Mas'udu Rabo, Baba ya sa shi ya sake karantawa da ƙarfi. Sannan ya ce ɗansa ne ya ɗinka, ɗansa Mas'udu, kuma a gabansa ya fara riƙe allura. A tsakiyar kasuwa na yi kuka, ban damu da iyayen ɗalibaina ba.

Yanzu ga saƙo, shi ya zaunar da ni ya ce in rubuta. Jiya ya farke hannun hagu don ya ga yadda ka haɗa kafaɗa ba tare da ta tattare ba, abin da ya ce ya yi rayuwarsa yana nema. Ya gani, amma ya kasa mayarwa. Abarshi ya ce a kawo ya gwada, Baba ya ce ba mai taɓawa. Ya ce in gaya maka kwat ɗinsa ba ya sawuwa da hannu ɗaya, ka zo ka mayar masa da abinka.

Na tambaye shi ko in ƙara wani abu, ya ce in ce ka gaggauta.

Yayarka mai jiran ganinka,
Balaraba Rabo