Shekarar da Padwa Ta Zo Sau Biyu

Litinin, 12 ga Janairu, 2026

Ketaki ta zo daga birnin Pune, fuska a ɗaure kamar mai ciwon haƙori. Jikata ce, 'yar ɗana Hemant, ta karanci lissafi har gashinta ya fara zubewa. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Aaji, ina Ajoba? Mutanen haraji sun aiko masa da saƙo." Kakanta take nufi, mijina. Na ce to su shigo mana, akwai shayi. Ba ta yi dariya ba. Yarinyar da in na murguɗa baki kawai take faɗuwa ƙasa don dariya.

Wai akwai kuskure a takardar harajinsa ta shekarun baya. Shi! Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana riƙe lissafin kamfanin sukari a nan Satara, ko ƙwaya ɗaya ba ta ɓace masa ba. Ya saurare ta, ya gyara tabarau, ya ce na'urarsu ce ta sha giya. Ya shiga ɗaki ya kulle kabad ɗinsa na ƙarfe, ya mayar da makullin aljihun rigarsa, inda yake zaune tun kafin a haifi Hemant. Ni ko taɓa makullin nan ban taɓa yi ba.

Talata, 13 ga Janairu

Ban gane komai ba. Na dai dafa shinkafa.

Alhamis, 15 ga Janairu

Ketaki ta zaunar da ni a kicin ta jera kwanoni uku, wai kowane kwano shekara ce. Bari in rubuta kafin ya zube.

Baban Hemant yana da asusun ajiyar tsufa a gidan waya. Duk shekarar da ya zuba kuɗi a ciki, sai ya rubuta a takardar haraji, gwamnati ta rage masa. Wannan na sani. Kuma na san ranar da yake yi: ranar Padwa, sabuwar shekararmu. In mun ɗaga gora da ƙyallen siliki da tulun tagulla a ƙofa, sai ya zauna ya rubuta cek, ya ajiye a gaban mutum-mutumin Ganpati da muke bauta wa, washegari ya kai gidan waya.

To ashe gwamnati ma tana da tata shekarar, daga ɗaya ga Afrilu. Ita ba ta kallon wata. Mu kuma Padwa wata take bi, wani lokaci Maris, wani lokaci Afrilu. Sai wata Padwa ta faɗo a Afrilu, mai bi mata ta faɗo a Maris. Ketaki ta jefa wake biyu a kwano ɗaya. Kwano na gaba ta bar shi wayam. Shi kuwa a takarda ya rubuta wake ɗaya a kowane kwano, ya karɓi ragin shekarar da ba komai a cikinta.

Na ce, "Ai ya zuba kuɗin!"

Ta ce, "Ya zuba, Aaji, amma a bara ya zuba."

"Baran wa?"

"Baran gwamnati."

"Au, har bara ma kowa da nasa? To nawa baran yana ina?"

Ta kifa kai a kan tebur. Ni kuma na kwashe waken na mayar a tukunya, ba a wasa da abinci.

Asabar, 17 ga Janairu

Ina goge Ganpati da tsumma wani abu ya faɗo mini a rai, na zauna a ƙasa.

Da can, duk shekarar da Padwa ta zo a Maris, cek ɗin ba ya fita washegari. Yana zama a nan ƙarƙashin ƙafar Ganpati har Afrilu ya kama. Ni ban taɓa tambayar dalili ba, tsokanarsa kawai nake yi, da "Aho" ɗin da mace ke kiran mijinta da shi a wurinmu: "Aho, yau ma ba za ka kai ba? Ko Ganpati bai gama ƙirgawa ba?" Shi kuma ya ce, "Ke dai je ki duba madara." Wato ya sani. Tun tuni ya san da zancen kwanonin nan.

To me ya faru a waccan shekarar?

Tabaransa da na samu a firji. Ranar da ya kira Ketaki da sunan ƙanwarsa da ta rasu. Ranar da ya fita sayen albasa ya dawo da tsintsiya. Duk na mayar da su labari, na ba maƙwabta, an yi ta dariya, har da shi.

Madara ta ƙone.

Lahadi, 25 ga Janairu

Hemant ya kira. Bai ko tambayi lafiyar gwiwata ba. "Aai, ki faɗa mini gaskiya. Baba ya fara mantuwa?" Kafin in buɗe baki ya ce in haka ne magana ta ƙare, za a sayar da gidan nan mu koma wurinsa a Pune, akwai ɗaki.

Na san ɗakin. Hawa na goma, taga ba ta buɗuwa sosai, ƙasa motoci kamar tururuwa. A nan Satara ko kan tsohon nan ya ɓata, ƙafarsa ta san hanya: benci wurin mai jarida, shagon aski, gida. A can wa zai ce masa sannu da zuwa? Wata uku ba zai yi ba zai zama kujera.

Sai na ji bakina yana cewa, "Ni ce na kai cek ɗin."

Kuma da na fara, sai labari ya ɗauke ni. Wai ɓera na gani yana lasar gefen takardar. Wai na ce kafin ya cinye mana tsufa gara in kai. Na hau keke mai ƙafa uku, direban ma gurgu ne mai waƙa, na tarar da ma'aikaci mai gashin baki kamar wutsiyar akuya, ya ce "Iya, sa hannu nan." Har launin rigarsa na faɗa. Hemant ya yi ta faɗa: "Aai, ke da firamare ma ba ki gama ba, me ya kai ki harkar gidan waya?" Amma na ji numfashinsa ya sauka. Ya ce to shi ke nan, Ketaki za ta gyara.

Da na ajiye waya, Baban Hemant yana tsaye a bakin ƙofa. Na jira ya ce ƙarya kike, tsohuwa, yaushe kika san hanyar gidan waya. Na ma shirya amsa.

Ya ce, "Ashe ke ce." Ya girgiza kai. "Nan gaba ki riƙa tambayata."

Ya yarda. Labarin ɓera da wutsiyar akuya, ya yarda.

Litinin, 26 ga Janairu

Ban yi tsokanar kowa ba yau. Mai madara har ya tambaya ko ba ni da lafiya.

Asabar, 7 ga Fabrairu

Ketaki ta dawo da kwamfutarta. Za a sake shigar da takardar waccan shekarar, a cire ragin da ba a cancanta ba, a biya abin da ya saura da ɗan tara a kai. Na tambaye ta tunda wancan kwanon wake biyu ne a ciki, ba za su ba mu ragi biyu ba? Ta ce akwai iyaka. Na ce in za su karɓa babu iyaka, in za su bayar akwai iyaka, gwamnatin nan 'yar'uwar surukata ce. Wannan karon ta yi dariya.

Ajoba ya zauna kusa da ita da biro a kunne yana ba da umarni. Ta riƙa cewa "to, Ajoba," tana yin abin da take yi. Ya biya, yana hararata, wai ni na jawo masa asara. Na ce a cire daga kuɗin sarƙar da ya yi mini alkawari ranar aure.

Da ya fita wurin mai jarida ta rufe kwamfutar.

"Aaji, direban nan gurgu. Wace waƙa yake yi?"

Na fara rera wata.

Ta ce, "A watan da aka kai cek ɗin nan aka yi miki aikin gwiwa. Ni nake juya ki a gado. Ko banɗaki ba kya iya zuwa."

Na ce ai da rarrafe na je. Ta kama hannuna. Yarinyar nan ba ta da kunya, ta sa ni kuka a kicin ɗina.

Sharaɗinta biyu. Mu kai shi likita. Ni kuma in koyi shekarar gwamnati. Ba za ta kai wa ubanta magana ba, amma in ya tambaye ta ba za ta yi masa ƙarya ba, wai ita ba ta gaji wannan baiwar ba.

Sai daga baya na lura: shekarar da nake kwance, ba wanda ya tsaya a gaban Ganpati ya tsokane shi. Ban san me zan yi da wannan tunanin ba.

Talata, 17 ga Fabrairu

Likita. Na ce masa ni ce kaina ke juyawa tun zancen cek, ya raka ni. Ya yi ta alfahari a hanya. Likitar mace ce, Ketaki ta riga ta yi mata waya, ta ce tunda ya zo bari a duba shi kyauta, shi kuwa ba ya barin kyauta. Ta faɗi abubuwa uku ya riƙe, suka yi hira, ta ce ya maimaita. Ya kawo ɗaya. Ya dube ni. Na dubi fanka.

A waje ta ce mini ciwon mantuwa ne, amma farko-farko. Magani, tafiya da ƙafa, kuma a bar shi inda ya saba. Na ce ta sake faɗin na ƙarshen.

Laraba, 4 ga Maris

Maris ƙarshen shekara ne, amma Padwa farkon shekara ce, kuma bana Padwa tana cikin Maris. Wato za mu shiga sabuwar shekara alhali tsohuwa ba ta fita ba. Na ɗaura jan zare a kan kalanda. Wayyo kaina.

Alhamis, 19 ga Maris

Padwa. Hemant da matarsa da Ketaki duk sun zo. An ɗaga gora, an tauna ganyen darbejiya da mazarƙwaila, Hemant ya yamutsa fuska kamar yana ɗan shekara biyar. Baban ya rubuta cek da rubutunsa mai kyau, ya ajiye a gaban Ganpati. Ni kuwa idona na kan jan zaren kalanda.

Juma'a, 20 ga Maris

Da safe muna shan shayi ya fito da farar riga da hula da lema, cek a hannu. Gidan waya za shi. Hemant ya sauke kofi daga baki yana kallon ubansa.

Ni ban shirya komai ba. Na ji dai na ce, da muryar da nake yi tun ina amarya, "Aho, ina za ka? Ganpati bai gama ƙirgawa ba."

Ya tsaya. Ya dubi takardar, ya dubi kalanda, ya daɗe.

Sai ya ce, "Maris ne ai. Sai Afrilu." Ya mayar da ita ƙarƙashin ƙafar Ganpati, ya juyo wurin Hemant ya fara yi masa bayanin shekarar gwamnati, wai yaran yanzu ba su san komai ba. Sannan ya ce mini in je in duba madara.

Da za su tafi Hemant ya sunkuya ya taɓa ƙafata, bai tashi da wuri ba. Ya ce, "Aai, gwiwar nan ta warke sosai, tunda har keke take hawa daga gadon asibiti." Na ce ɗan ƙwal uba, tashi ka ba ni wuri. Ya ce Ketaki za ta riƙa zuwa duk wata, shi kuma yana son lambar likitar. Zancen Pune kuwa, a bari a ga bayan damina.

Bayan damina. Na karɓa.

Talata, 24 ga Maris

Yau ma ya sa hula. Na faɗi zancen Ganpati, ya mayar da cek ɗin.

Asabar, 28 ga Maris

Yau ma.

Alhamis, 2 ga Afrilu

Mun je gidan waya tare. Karo na farko da na shiga. Ma'aikacin ba shi da gashin baki ko kaɗan, na ji haushi. Baban Hemant ya cike takarda, na tsaya a gefensa ina karanta kwanan wata a hankali da yatsa, wai ina koyo. An buga hatimi. Wake ɗaya, kwano ɗaya.

A hanyar dawowa, daidai shagon aski, ya tsaya ya laluba rigarsa. Ya miƙo mini makullin kabad ba tare da ya kalle ni ba.

"Riƙe mini. Aljihuna ya huje."

Na ce to, sai na ɗinke. Ya ce ba sauri.

Na ɗaure shi a gefen zanen sarina, yana ta buga mini cinya har gida. Da ya cire rigar ya kwanta hutun rana, na ɗauka na duba aljihun. Lafiyarsa ƙalau.

Na sa almakashi na ɗan huda shi, kada wani ya zo ya ƙaryata min mutum.