Waƙoƙin Inna Suna Hayin Kogi

Baba,

Na fita kafin ku dawo daga masallaci, don in samu kwalekwalen farko zuwa Malanbil, hayin kogi.

Jiya da kuka kunna rediyo waƙoƙin marigayiya Inna suka ƙi fitowa, na ji kuna cewa yatsanku ne ya goge su. Ba ku ba ne, Baba, ni ne. Ranar da na sauya muku katin waƙoƙi, na jera kowace waƙa ƙarƙashin sunan mawaƙinta. Na Inna kuwa da tarho muka ɗauke su tana daka, ba su da suna sai lamba, shi ya sa na tsallake su ban lura ba. Tsohon katin na ba ƙanwata Ajuma da za ta koma gidan mijinta a Malanbil, yana cikin ƙaramin tarhonta. Ta ce ba ta taɓa komai ba.

Gada tana rufe tun hawan sojoji mulki, amma masu fito suna aiki. Kada ku damu, da katin shaidata, kartidantite, na tafi, kuma insha Allahu ina gida kafin la'asar.

Don Allah kada ku kai katin wurin masu tura waƙa a kasuwa, wanke shi za su yi, komai ya goge.

Na tsinci guda ɗaya a ordinatar, wato kwamfuta, na sa muku ita a farko. Ita ce wadda Inna ta katse waƙa tana cewa kununku zai huce. Ku gafarce ni.

Ɗanku,
Alfari