Maigidana Zai Ajiye Keke Saboda Ihuna

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa yadda zan yi, kuma abin haushin ko yanzu da nake rubuto miki dariya ce ke cina.

Baban yara gyaran firiji yake yi. Da hawan jini ya kama shi likita ya ce ya riƙa motsa jiki, sai ya shiga ƙungiyar masu tseren keke da ke fita kan titi duk Lahadi da safe. Ranar da ya fara fitowa daga ɗaki cikin wandon nan mai manne wa jiki, da hular kwano kamar rabin kankana, sai da na zauna a ƙasa. Da na ga ya aske gashin ƙafarsa, wai al'adarsu ce, ƙanwarsa na kira a waya muka yi ta shewa. Keken kuwa a falo yake kwana, ko jikarmu ba ta isa ta taɓa shi ba.

To wata Lahadi ya manta gorar ruwansa, na bi shi da ita zuwa tudun da ke bayan babban tankin ruwa, inda 'yan kallo ke tsayawa. Anti, ashe akwai wata duniya a can ban sani ba. Mutane jere a gefen titi, wasu da ƙararrawa, wasu da tuta, an rubuta sunayen mahaya ɓaro-ɓaro a kan kwalta da farar ƙasa. Sai ga su sun taho a dunƙule kamar ƙudan zuma, iskarsu ta ɗage mini mayafi. Ban san lokacin da na fara ihu ba. Gorar ma a hannuna ta dawo gida.

Tun daga ranar na zama abin da na zama. Da murfin tukunya da ludayi nake zuwa. Yanzu na san mai iya hawa tudu, na san mai laɓewa a bayan 'yan uwansa su tare masa iska, sai an kusa layin ƙarshe ya fito kamar an harbo shi. Muna da ayarinmu: matar mai gidan burodi, wata ma'aikaciyar jinya, da wani tsoho da ke ɗaga sandarsa sama in sun wuce. In ana nuna manyan tsere a talabijin kuwa, miyata ta sha kamawa. 'Yata cewa take yi Mama ta zare.

Ga inda matsalar take. Baban yara shi ne na ƙarshe kullum. A al'adarsu, wanda ya zo ƙarshe a babban tsere ana ba shi jar fitila a tafa masa. Akwai kuma motar da ke bin bayansu, suna ce mata motar shara, tana kwashe waɗanda suka sare. Samari majiya ƙarfi sun sha shigarta, shi bai taɓa ba. Fitilar da aka ba shi a falo na rataye ta, duk baƙon da ya zo sai ya ji tarihinta. In ya taho shi kaɗai a kan tudun yana haki, binsa nake yi a guje ina buga murfi ina kiransa angona. Wancan satin har takalmina ya fita, wani ya ɗauke mu a waya, abu ya yaɗu. Yanzu in ya buɗe shago maƙwabtansa buga gwangwani suke yi.

Shekaranjiya yana gama cin abinci ya ce mini a hankali zai ba ƙanensa keken, ya gaji da zama abin kallo. Bai yi faɗa ba, shi ne ya fi damuna. Anti, jininsa ya sauka, tumbin ya zube, barci yake yi lafiya. In ya ajiye keken nan ina tsoron ya koma gidan jiya. Kuma ni ba zan ɓoye miki ba, Lahadina fa? Babban tsere na tafe, har na ɗinka tuta.

Taki,
Mai Murfin Tukunya

'Yar uwa Mai Murfin Tukunya,

Na yi dariya, amma zancen maigidanki ba na dariya ba ne. Ba ki yi laifi don kin so abin da yake yi ba, maza da yawa suna neman matar da za ta tsaya musu haka. Sai dai ki duba ta ɓangarensa. Mutum ne da ya manyanta, numfashi na neman ƙwace masa, kowa ya wuce shi, kuma a daidai lokacin ne kike jawo idon duniya kansa. Ke jarumi kike gani, shi yana jin ana nuna shi da yatsa.

Ki sauke fitilar ki ba shi, ya ajiye ta inda ransa yake so. Ki same shi lokacin da ba kowa, ki ba shi haƙuri a kan hoton da ya yaɗu, kuma ki daure kada dariya ta ƙwace miki. Sannan ki faɗa masa abin da kika faɗa mini game da motar shara. Ina zaton ihu ya sha ji, amma bai taɓa jin wannan daga bakinki da sanyin murya ba. Ki tambaye shi abin da yake so daga gare ki a kan tudun. Wataƙila ɗaga hannu ya ishe shi, wataƙila ruwa mai sanyi.

Kada ki tsorata shi da hawan jini, kada ki turo masa ƙanwarsa. In ya ce hutu yake so, ki roƙe shi keken ya zauna a gida, ki bar maganar ta huce. Ke kuma kada ki fasa zuwa tudunki, son tseren naki ne, kuma akwai sauran mahaya masu bukatar ihu. Tutar dai ta ɗauki sunan ƙungiya, ba nasa ba.

Abu na ƙarshe: ki ce ya koya miki hawa, a wani titi da ba mutane. Ki yi tangaɗi, ki kauce hanya, ya riƙe miki sirdi yana ba ki umarni. Ya samu nasa rabon dariyar, ke kuma ki ɗanɗana yadda tudu yake daga kan keke.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya bar ku tare cikin raha.