Yaron ya fara magana da muryata

Assalamu alaikum jama'ar gida, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, hankalina ba a kwance yake ba.

Ina cikin waɗanda ake ba formasiyo, wato horo, a Madawa kan gyaran ɗabi'ar yara ta kiran bidiyo. Ba mu zuwa gida, uwa ce ke aikin, mu muna kallo muna gyara mata. An haɗa ni da wata mata a wani ƙauyen Garhanga, mijinta yana Libiya, ɗanta ya kai shekara shida ba ya magana, sai buga kai da bango. Na ce ta riƙa kiran sunansa, ta dubi idonsa, ta yabe shi. Ashe ɗan farinta ne, ni kuma sarkin rawar kai ban tambaya ba. Kun san kunya, ba za ta iya yin wannan a gaban surukai ba, sai ta riƙa fakewa da neman itace tana hawa dutse da shi, dama can ne akwai rezo, wato sabis ɗin waya.

Aikin ya yi kyau, ya rage buga kai. To kwanan nan yaro ya buɗe baki tsakar gida, ba Inna ya ce ba, “barabo, barabo” ya ce, yabon da nake masa da faransanci, har da yadda nake jan murya. Kakarsa ta tayar da rigima, wai ina ya samo bakin nasara in ba aljanar dutse ta shige shi ba. Uwar ta faɗa min cikin raɗa cewa ran kasuwar Bangi za a kai shi wajen mai cire iska, wanda ke ɗaure mutum ya yi masa hayaƙi. Yaron da ko taɓa shi ba ya so.

Na faɗa wa madam mai koya mana, ta ce doka ta hana zuwa gida, in rubuta rahoto. Jiya na kira wayar uwar, aka ɗauka. Sai muryar tsohuwa ta ce, “Ke ta mai magana a bakin jikana?” Aka kashe. Tun lokacin layin a rufe yake, wallahi tsoro nake ji.

In na je don su ga ni mutum ce ba aljana ba, na tona asirin uwar, aurenta na iya mutuwa, ni ma a kore ni. In na zauna za a ɗaure shi. Ya zan yi? Jibi ne kasuwar.