Saukowar Herminia daga Tudu

Valparaíso, cikin watan Yuni

Zuwa ga Yayata Fresia,

Ina gaishe ki da kyau da kyau, da fatan takardar nan ta same ki lafiya. Yaya sanyin Puerto Montt, yaya kuma tarin nan naki? Ki gaishe min da yara da jikoki kowa da sunansa.

Ranar da muka yi waya kin ce muryata ta canza, na ce miki mura ce. Ba mura ba ce, Yaya. Ɗana Aníbal ne yake tsaye a kaina, shi ya sa na kasa magana. A takarda kuwa babu mai tsaya min a kai.

Tun faɗuwar da na yi bara gwiwata ta hagu ta ƙi. Kin san matakalar unguwarmu, wadda ta taso daga titin mota har ƙofar gida, ke da kanki kin zage ta ranar jana'izar mijina Ramón. Ni da na yi shekaru ina hawanta da kwandon kifi a kafaɗa, yanzu sai dai in leƙa ta ta taga. Duk ranar da zan je asibiti Aníbal ne yake goya ni ya sauka da ni, ya kuma hauro da ni. Mutumin da ya haura hamsin, wanda yake wuni yana lodi a tashar jiragen ruwa.

Makon jiya ina zaune a taga ina ɓarar wake, sai na hango shi yana dawowa daga aiki. Da ya kai tsakiyar matakala, inda yake zaton ba a ganinsa, sai ya kama ƙarfen gefe ya durƙusa. Ya kifa goshi a kan ƙarfen ya daɗe a haka. Can ya miƙe a hankali, ya share fuska, ya gyara hula, ya fara fito da baki. Haka ya shigo yana fito, wai, "Mama, yau me aka dafa mana?" Na ce yaya bayanka? Ya ce, "Garau, kamar na saurayi."

Da ya shiga wanka na tsare matarsa Ximena a kicin. Ta yi ta zillewa, daga baya ta fashe da kuka. Ashe likita ya daɗe da hana shi ɗaukar nauyi. A wajen aiki ma an mayar da shi gadin ƙofa, ni kaɗai ce kayan da ya rage yana ɗauka. Ya sa ta rantse ba za ta gaya min ba.

Akwai wata unguwar tsofaffi a garin Limache da ma'aikaciyar asibiti ta taɓa yi min zancenta, na yi mata kallon banza a lokacin. Wai 'yan gidaje ne ƙanana a fili shimfiɗe, kowa da ƙofarsa, ga mai jinya a kusa. Muna shayin yamma na ɗauko zancen. Yaya, da kin ga yadda Aníbal ya ajiye kofi. Ya ce, "Mama, me muka yi miki? Abinci ne bai yi ba, ko surutun yara?" Na ce babu ko ɗaya. Ya ce, "Na riƙe hannun Baba a gadon asibiti na ce ba za ki taɓa barin gidan nan ba muddin ina da rai. Maganar ta ƙare." Ita kuma Ximena cewa take, "Duk unguwa za ta ce ni na kore ki, Mama."

Ba zan ɓoye miki ba, ni ma tsoro nake ji. Ramón ne ya kafa kowane katako na gidan nan. Daga gadona nake ganin teku, na san kukan kowane jirgi. Amma tun ranar nan, in na rufe ido goshin yaron nan nake gani a kan ƙarfe.

Ki rubuto min abin da kika gani, kada ki tausasa.

Taki ƙanwa,
Herminia

Valparaíso, ƙarshen watan Agusta

Yaya Fresia,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da tarin ya lafa, ki ci gaba da shan zumar nan. Takardarki ta iso, kuma lallai ba ki tausasa ba. Kin ce irin wuraren nan ɗakin jiran mutuwa ne, kuma uwarmu a gadonta ta cika, 'ya'yanta na kewaye da ita. Gaskiya ne. Sai dai ki tuna gidan uwarmu a ƙasa yake, kuma bayan da ya ɗauke ta nawa ne da naki, muna da ƙuruciya.

To, na je na gani da idona. Ranar asibiti Aníbal ya sauko da ni ya wuce aiki. Da muka gama da likita na ce wa Ximena ba gida za mu ba, tashar jirgin ƙasa za mu. Ta ce, "Mama, zai kashe ni." Na ce in ya tashi kashewa ki turo min shi. Duk hanya tana addu'a, ni kuwa ina kallon gonakin tumatir.

Daga ƙofar wurin zuwa lambun tsakiya akwai 'yar tafiya. Ximena ta miƙo hannu, na ce bari in gwada. Da sandata na tafi, Yaya, ni kaɗai, babu wanda ya taɓa ni. Na manta yadda tafiya take. Na kai inuwar wata bishiyar fiya na zauna, ƙirjina na bugawa, ina dariya kamar wata sakarai.

Sai na ji murya daga baya: "Kai! Wa nake gani kamar mai sayar da kifin jiya?" Na juya, wa zan gani in ba Zunilda ba. Kin tuna ta, mai teburin da ke gefen nawa a kasuwar bakin teku, wadda muka yi shekaru muna ƙwacen masu saye. Ta tsufa ta lanƙwashe, amma bakin yana nan. Na ce, "Au, ke ba ki mutu ba?" Ta ce, "Ina jira ki riga ni in ga wa zai zo miki jana'iza." Muka rungume juna har sandata ta faɗi.

Ita ta zaga da ni, kuma ba ta yi min ƙarya ba. Ta ce abincin ɗakin cin abinci ba gishiri, in dai ina da hankali in riƙa girka nawa, kowane gida da ɗan murhunsa. Ta nuna min ɓangaren waɗanda jiki ya ƙi gaba ɗaya, warin magani ya cika shi. Ta ce, "Can za mu ƙare, amma ba yau ba." Na ga wani dattijo da ya sa kujera yana fuskantar ƙofar waje, an ce kullum haka yake, 'ya'yansa ba sa zuwa. Wannan ya tsaya min a rai. Kuma babu teku. Ko ta ina ka duba duwatsu ne.

Na tambaye ta ko ta yi nadama. Ta ce, "Wata biyun farko kuka na yi. Yanzu 'yata in ta zo hira muke yi. Da can in ta zo wanke ni take yi, tana duba agogo."

Ran Lahadi na sa Ximena ta fita da yara, na zaunar da Aníbal. Na gaya masa na je Limache, na kuma gaya masa abin da na gani ta taga. Ya yi ja har kunne, ya ce takalminsa yake ɗaurewa. Na ce, "Da goshi ake ɗaure takalmi?" Sai ya sake kawo zancen alkawari. Na ce, "Ubanka mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, amma ko buhun dankali bai taɓa haurowa da shi matakalar nan ba, ni nake haurowa da shi. Ya ɗora maka kayan da bai san nauyinsu ba. Ni aka yi alkawarin dominta, ni kuma na sauke maka." Ya ce, "Mama, ai ba ki da nauyi." Na ce, "Ranar da bayanka ya tsinke muna tsakiyar matakala, mu biyu za mu gangara. Wa zai riƙe Ximena da yaran?"

Ya kifa kai a cinyata ya yi kuka irin wanda rabona da jinsa tun yana ɗan makaranta. Bai ce ya yarda ba. Da ya tashi dai ya tambaya ko ɗakin yana samun rana da safe.

Saura damuwar Ximena. Wannan na san maganinta. Na aika aka kira min maƙwabciyarmu Doña Rebeca ta gidan da ke sama da namu, wadda in ta ji magana da safe kafin azahar ta kai kasuwa. Na soya mata wainar kabewa, na ce zan gaya mata sirri, kada kowa ya ji: ni na nemi tafiya, surukata har kuka ta yi tana roƙona in zauna. Washegari mai kawo gas ya tsaya a ƙofa yana yaba wa Ximena.

An ce gida ɗaya zai samu a watan Oktoba. Ki daina fushi da ni, Yaya, ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Herminia

Limache, cikin watan Nuwamba

Yayata ta kaina,

Ina miƙo gaisuwa daga sabon wuri, da fatan kina lafiya ke da mutanen gida. Bargon da kika saƙa ya iso. Da na buɗe na san fushin ya wuce, ko da ba ki rubuta ko kalma ɗaya a ciki ba. Na gode.

Bari in ba ki labarin saukowa. Da safiyar ranar Aníbal ya zo ya durƙusa a gabana ya juya baya, wai goyon ƙarshe. Na ce ko kusa. Muna cikin musu sai ga maza huɗu na unguwa sun shigo, Rebeca ce ta tattaro su. Suka ce in zauna a kujerar Ramón mai hannu. Kafin in ce wani abu sun ɗaga ni sama. Haka aka sauko da ni, Yaya, kamar yadda masunta ke ɗaukar mutum-mutumin waliyyinsu San Pedro ranar bikinsa. Mata sun fito ƙofa suna tafi, wani yana buga murfin tukunya, mai burodi yana ihu, "A sa mana albarka, waliyyiya!" Ni kuwa na ƙanƙame kujera ina zaginsu ɗaya bayan ɗaya, ina cewa duk wanda ya yar da ni sai na dawo masa a mafarki. Aníbal yana biye da tukunyar furena a hannu, ita kaɗai aka bar shi ya ɗauka. Na yi niyyar in waiwaya in yi wa gidan kallon ƙarshe, tsoron faɗuwa bai bar ni ba. Wataƙila hakan ya fi.

Makon farko ya yi wuya. Shirun wurin ya dame ni. Nakan farka in saurari jirage, sai in ji zakara. Wata safiya na zauna bakin gado na ce me na yi wa kaina. Sai ga Zunilda tana dukan ƙofa da sanda, wai in fito an kawo kifi ɗakin girki kuma yaran nan masu girki za su lalata shi. Muka je muka karɓe wuƙaƙe. Ta ce yankana ya karkace, na ce idonta ne ya karkace. Ranar kowa ya ci ya ƙara, har dattijon nan mai zama a ƙofa. Sunansa Don Evaristo, tsohon direban jirgin ƙasa ne. Yanzu in na soya wani abu nakan kai masa, ya ɗan juya kujerar mu yi hira. Har yanzu 'ya'yan nasa ba su zo ba.

An yi wa Aníbal tiyata a bayansa a farkon watan nan, an kuma dace. Ashe tun bara aka ba shi ranar tiyatar yana ta ɗage ta, don babu mai goya ni in ya kwanta. Wannan ma Ximena ce ta gaya min. Ranar da aka sallame shi ya kira ni yana ƙorafin an hana shi ɗaukar ko butar shayi. Na ajiye wayar na yi barcin rana har yamma, irin wanda na manta da shi.

Ina kewar teku, ba zan ce miki ba na yi ba. Ina kewar hayaniyar jikokina da safe, ko da yake suna zuwa ran Lahadi su cinye min burodi su tattake min fure. Amma da kaina nake zuwa coci, da kaina nake zuwa shagon kan kwana in zaɓi tumatir, in kuma mayar wa mai shagon wanda ya ruɓe. Jiya ruwa ya kama ni a hanya na jiƙe sharkaf, mai jinya tana ta faɗa. Rabon da ruwan sama ya taɓa ni har na manta.

Yanzu ga abin da nake so. Akwai gado na biyu a ɗakina, kuma an yarda baƙo ya yi mako. Iskar nan busasshiya ce, za ta yi wa ƙirjinki kyau. Ki sa a ɗora ki a mota bayan Kirsimeti, ki rubuto min ranar. Kada ki nemi Aníbal ko Ximena a tasha. Ki duba wata tsohuwa mai sanda da jan mayafi. Ni zan zo tarbarki, da ƙafata.

Taki har kullum,
Herminia