Inna, Illa Ya Koma Kai Awaki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi irin na ɗiya ga uwa, labarin Illa na kawo miki, don na san shi za ki fara tambaya.

Ɗanki ya haura arba'in, furfura ta fito masa a gemu, hankalinsa kuwa na ƙaramin yaro yana nan inda kika bar shi. Ƙafafunsa ne suka sauya. Da damina Yaya Sani ya ƙara wa dokin ƙofa tsawo saboda ruwa. Illa ya saba da tsohon, ya zo fita da awaki, ya kife, goshinsa ya fashe.

Nan take Yaya ya yanke hukunci: ba sauran fita. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa, aka ba maƙwabci kai awaki wurin makiyayi, aikin da kika ɗora wa Illa tun yana saurayi. Inna, abin ya ƙona mini rai. Kullum da safe in ya ji kukansu suna fita, sai ya juya fuska ga bango. Kafin kaka, ko tashi tsaye sai an kama shi.

Na kai shi likita. Mai duba gaɓoɓi ya ce zaman ne ke cinye masa ƙarfi. Ya koya mana tashi-zauna da tsayuwa dafe da bango, ya ce silifas ɗin nan a yar da su, a nemo takalmi mai maɗauri. Sai na tuna faɗanki in mun riƙe masa hannu: "Ku sakam mini ɗana shi taka ƙasa da kainai."

Mun sha rigima da Yaya kan a bar Illa ya koma fita. Ya ce in Illa ya sake faɗuwa, alhakin na wuyana. Na ce na ɗauka.

Yau ya fita da awaki. Kin san yashin unguwarmu, mai lafiya ma yana nutsewa. Na bi shi daga nesa. Wajen masallaci ya yi tangal-tangal, ya tsaya, ya daidaita. Sai ya waiwayo ya gan ni, ya daka mini tsawa: "Koma gida, Rabi, aikina na!"

Na koma, Inna, ina kuka ina dariya. Ban sani ba ko gobe zai faɗi, amma goben ma zan buɗe masa ƙofa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya riƙe mana ƙafafun Illa.

Ɗiyarki,
Rabi
Tawa